Baki Shi Ke Yanka Wuya: Shari'ar Timothy Evans da Fim ɗin «10 Rillington Place»

Da safiyar ranar 9 ga watan Maris na shekara ta 1950, a gidan kason Pentonville da ke birnin Landan, aka rataye wani matashi ɗan shekara 25 mai suna Timothy Evans, bisa laifin kashe ɗiyarsa, jaririya ƴar wata 13. Bayan shekara uku da wata huɗu, a wannan gidan kaso dai, haunin da ya rataye shi ya rataye babban mai shaidar da ya tsaya gaban alƙali ya ɗora masa laifin, wato maƙwabcinsa John Christie, bayan an gano gawawwakin mata shida a gidan da su biyun suka zauna. Gidan nan shi ne mai lamba 10 a wani ɗan lungu da ake kira Rillington Place, kuma sunansa aka ba fim ɗin da Richard Fleischer ya shirya, wanda ya fito a shekara ta 1971.

Ana sanya wannan fim cikin manyan finafinan da suka yi magana kan kisan kai da shari'a, sai dai mai kallon da ya je gidan silima neman tseren motoci da harbe-harbe zai koma gida hannu Rabbana. Tun a mintocin farko an nuna masa mai kisan, saboda haka babu wani sirrin da zai zauna jiran tonuwarsa. Abin da ke riƙe zuciya shi ne ganin yadda shari'a, da ƴan sandanta da lauyoyinta da alƙalanta, ta saurari mutum biyu, ta gaskata wanda ya iya magana, ta ƙaryata wanda bai iya karatu ba. Tarihin da ke bayan fim ɗin tarihin magana ne da rubutu: wa ya faɗa, wa ya rubuta, wa ya sa hannu.

Maƙwabta biyu

An haifi Timothy Evans a shekara ta 1924 a garin Merthyr Tydfil na yankin Wales, garin ma'aikatan kwal da ƙarfe. Mahaifinsa ya bar gida tun kafin a haife shi. Yana yaro wani gyambo ya kama shi a ƙafa, aka yi ta kai da kawowa tsakanin gida da asibiti har shekarun makaranta suka wuce shi. Ya girma bai iya karanta abin da ya wuce sunansa ba, wasiƙa ma sai an karanta masa. Kamar yadda yakan faru ga mai jin kunyar rashinsa, sai ya cike giɓin da cika baki, har yakan ce mahaifinsa wani basarake ne na ƙasar Italiya. Danginsa duk sun san shi da irin wannan ƙarya. Yana da saurin fushi, yana shan giya, albashinsa na direban motar kaya kuwa ba ya kai su ƙarshen mako. A shekara ta 1947 ya auri Beryl Thorley, a 1948 suka kama haya a can saman bene na gida mai lamba 10, a unguwar Notting Hill, wadda a wancan zamani unguwar talakawa ce. A watan Oktoba na wannan shekara aka haifa musu ɗiya, suka sa mata suna Geraldine.

A ƙasan benen kuwa John Christie ne da matarsa Ethel. Mutum ne ɗan wajen shekara 50, mai sanƙo da tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa kamar raɗa. Yakan ce iskar gubar da ya shaƙa a fagen yaƙin duniya na farko ce ta tafi da muryarsa. Ya yi makaranta, ya yi aikin akawu, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu ya sa kakin ɗan sandan wucin gadi na tsawon shekara huɗu, don babu wanda ya duba takardunsa balle a ga cewa an sha ɗaure shi kan sata, an kuma taɓa ɗaure shi kan dukan wata mata. Abin da babu wanda ya sani shi ne, a lokacin da su Evans suka tare, akwai mata biyu binne a ɗan filin bayan gidan: Ruth Fuerst, wadda ya kashe a 1943, da Muriel Eady, wadda ya yaudara a 1944 da cewa zai yi mata maganin ciwon ƙirji, ya shaƙa mata iskar gas ta girki, sa'an nan ya shaƙe ta. Irinsa ne Bahaushe ke kira macijin ƙaiƙayi.

Bayani huɗu daga baki ɗaya

A ƙarshen shekara ta 1949 Beryl, wadda ba ta wuce shekara 20 ba, ta sami ciki na biyu. Bashi ya yi musu katutu, faɗa ba ya ƙarewa a ɗakin, sai ta ƙudura zubar da cikin, abin da dokar Ingila ta haramta a lokacin. Daga ranar 8 ga watan Nuwamba ba a sake ganinta da rai ba. Bayan ƴan kwanaki Evans ya sayar da kayan ɗakinsa ya tafi wajen danginsa a Wales, yana ce wa kowa matarsa da ɗiyarsa sun yi tafiya.

Ranar 30 ga watan Nuwamba ya shiga ofishin ƴan sanda na Merthyr Tydfil da ƙafarsa. A bayaninsa na farko ya ce matarsa ta sha wani maganin zubar da ciki da wani baƙo ya ba shi, ta mutu, shi kuma ya jefa gawar cikin ramin magudanar ruwa da ke ƙofar gidan. Ƴan sandan Landan suka je, sai da ƙarti uku suka haɗu kafin su ɗaga murfin ramin, ba su kuwa tarar da kome ba. Da aka gaya masa haka sai ya ba da bayani na biyu. Ya ce ya yi ƙaryar farko ne don ya rufa wa Christie asiri. Christie ne ya ce masa ya taɓa koyon aikin likita, ya nuna masa wani littafi, shi kuwa hotuna kawai ya iya kallo. Da ya dawo daga aiki Christie ya tare shi da labarin cewa aikin bai yi kyau ba, Beryl ta cika, ya kuma tsorata shi cewa in ya kai ƙara shi za a fara kamawa. Game da jaririyar, ya ce Christie ya yi masa alkawarin kai ta wajen wasu mata da miji da za su riƙe ta.

Ranar 2 ga watan Disamba aka sami gawar uwa da ta ɗiya a ɗakin wanki na bayan gidan, dukansu an shaƙe su. A daren ranar aka kawo Evans ofishin ƴan sanda na Notting Hill, aka nuna masa tufafinsu a tare wuri ɗaya, aka gaya masa inda aka same su. A faɗarsa, a nan ne ya fara sanin cewa ɗiyarsa ta mutu. Kafin gari ya waye ya sa hannu a kan bayani na uku da na huɗu, waɗanda a cikinsu ya amsa cewa shi ya kashe su. Daga baya ya janye, ya ce baƙin ciki ne ya rufe shi, yana kuma tsoron dukan ƴan sanda. Daga nan har zuwa igiya magana ɗaya ya riƙe: Christie ne ya yi.

Binciken da aka yi a gidan bai kai ya kawo ba. An ce har akwai ƙashin cinyar mutum da Christie ya tokare shingen bayan gidan da shi, masu bincike suka wuce ba su lura ba. Akwai kuma magina da ke gyara a gidan, waɗanda suka ce sun yi ta shiga ɗakin wankin a kwanakin da takardar amsa laifi ta ce gawawwakin na ciki, ba su ga kome ba. Ba a kawo wannan saɓani gaban kotu yadda ya kamata ba.

Kwana uku a kotu

An buɗe shari'ar ranar 11 ga watan Janairu na 1950 a babbar kotun Old Bailey. Al'adar shari'ar Ingila a lokacin ita ce a tuhumi mutum da kisa ɗaya a zama ɗaya, sai masu gabatar da ƙara suka zaɓi kisan jaririya, domin babu mai iya cewa jaririya ta tsokane shi har ya fusata. Christie ya zo ya ba da shaida cikin ladabi da sanyin murya, yana kokawa da rashin lafiya. Lauyan Evans, Malcolm Morris, ya tono tsofaffin laifuffukansa, amma mai gabatar da ƙara, Christmas Humphreys, ya tuna wa kotu cewa shekara 17 ke nan rabon mutumin da ɗauri, ga shi tsohon soja, ga shi tsohon ɗan sanda. Da aka zo kan Evans kuwa, sai aka bi bayanansa ɗaya bayan ɗaya ana sa shi yana amsa cewa wannan ƙarya ce, wancan ma ƙarya ce. Aka tambaye shi dalilin da zai sa Christie ya kashe matar maƙwabcinsa da ɗiyarta, ya rasa amsar kirki. Amsar kuwa tana binne a bayan gidan, shi bai sani ba.

A tsarin Ingila mutum 12 daga cikin jama'ar gari ne ke yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin. Minti 40 suka yi suka dawo da cewa ya aikata. Da alƙali ya yanke hukuncin kisa, Christie ya fashe da kuka a cikin kotu. An yi watsi da ɗaukaka ƙara a watan Fabrairu, ministan cikin gida Chuter Ede ya ƙi sassauta hukuncin, bakin alƙalami ya bushe.

Abin da bango ya ɓoye

A watan Disamba na 1952 Christie ya shaƙe matarsa Ethel ya ɓoye ta ƙarƙashin katakon daɓen ɗakinsu. A farkon 1953 ya kashe wasu mata uku, Rita Nelson da Kathleen Maloney da Hectorina MacLennan, ya cusa su a wani lungun bango na ɗakin girki, ya liƙe bakin da takardar ado. Ya bar gidan ranar 20 ga watan Maris. Bayan kwana huɗu wani ɗan haya mutumin Jamaika, Beresford Brown, yana neman inda zai kafa abin ɗora rediyo, ya ƙwanƙwasa bango ya ji rami ne, ya yage takardar. Ranar 31 ga watan wani ɗan sanda ya gane Christie a bakin kogi kusa da gadar Putney. A kotun da aka yi wa Evans shari'a aka yi masa tasa, kan kisan Ethel. Ya amsa cewa shi ya kashe Beryl, bai taɓa amsa kisan jaririyar ba. An rataye shi ranar 15 ga watan Yuli na 1953.

Duk mai hankali zai ɗauka cewa daga nan magana ta ƙare, amma hukuma ba ta saurin cewa ta yi kuskure. Ministan cikin gida na lokacin, David Maxwell Fyfe, ya ɗora wa wani babban lauya, John Scott Henderson, bincike a asirce. Cikin kimanin mako guda ya kammala, ya ce Evans ne ya kashe uwa da ɗiya, Christie kuwa ƙarya ya yi da ya amsa kisan Beryl. Ma'anar wannan ita ce a yarda cewa masu shaƙe mata guda biyu sun zauna a ƙaramin gida ɗaya, suna aiki iri ɗaya, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Mutane da yawa suka ƙi haɗiye wannan. Lauya Michael Eddowes ya fitar da littafi a 1955, ɗan jarida Ludovic Kennedy ya fitar da nasa a 1961, wanda ya bi takardun shari'ar dalla-dalla ya nuna inda aka karkace. Chuter Ede da kansa, wanda ya ƙi ceton Evans, ya fito ya ce an yi kuskure, ya koma cikin masu neman a wanke shi.

Aka sake bincike ƙarƙashin alƙali Daniel Brabin. Rahotonsa na 1966 ya zo da wani hukunci mai ban mamaki: ya ce ya fi yiwuwa Evans ya kashe matarsa, amma ya fi yiwuwa bai kashe ɗiyarsa ba. Tun da kan kisan ɗiyar aka rataye shi, minista Roy Jenkins ya nemi Sarauniya ta yi masa afuwa, aka yi a watan Oktoba na 1966, shekara 16 bayan mutuwarsa. Kafin nan, a 1965, majalisar dokokin Birtaniya ta amince da dokar da ɗan majalisa Sydney Silverman ya kawo, ta dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai na tsawon shekara biyar, a 1969 kuma ta mai da dakatarwar ta dindindin. Sunan Evans, tare da na Derek Bentley da aka rataye a 1953 da na Ruth Ellis a 1955, su ne suka fi yawo a bakin masu neman sokewa. Rataya ta ƙarshe a ƙasar ita ce ta ranar 13 ga watan Agusta na 1964.

Fim a kan titin da abin ya faru

An ɗauki fim ɗin a 1970, lokacin da dokar sokewa ke sabuwa, jama'a da dama kuma na kiran a dawo da igiya. Fleischer Ba'amurke ne da ya riga ya shirya finafinai biyu kan kisan kai na gaske, «Compulsion» a 1959 da «The Boston Strangler» a 1968. Clive Exton ne ya tsara labarin daga littafin Kennedy, kuma tun a buɗewa fim ɗin ya sanar da mai kallo cewa an ɗauko maganganun ƴan wasa daga takardun hukuma duk inda hakan ya yiwu. An yi ɗauka a kan titin kansa, wanda hukuma ta riga ta canza wa suna don a manta da shi, da kuma cikin wani gida maƙwabci mai gini iri ɗaya, gab da a rushe layin gaba ɗaya. 

Richard Attenborough ya fito a matsayin Christie. Ya faɗa a lokacin cewa ba ya son shiga rigar mutumin, ya karɓa ne domin fim ɗin hujja ce a kan hukuncin kisa. Bai yi tsawa ba, bai zare ido ba. Da tayin shayi da raɗa da nuna kulawa ya gina dodonsa. John Hurt, wanda ya fito a matsayin Evans, bai mai da shi waliyyi ba. Ya bar shi da fankamarsa da fushinsa da ƙaryarsa, domin mai kallo ya gane cewa mutum na iya zama maƙaryaci ba tare da ya zama mai kisa ba. Judy Geeson ce Beryl. Kiɗa kaɗan ne a fim ɗin, sau da yawa numfashi da takun ƙafa kawai ake ji. Wurin ratayar kuwa Albert Pierrepoint ne ya ba da shawara a kansa, wato haunin nan da ya rataye Evans da Christie, ko da yake ba a rubuta sunansa ba. Daga buɗe ƙofa zuwa faɗawa rami ƴan daƙiƙoƙi ne, babu jawabi, babu bankwana. Pierrepoint ya ajiye aiki a 1956, kuma a tarihin rayuwarsa na 1974 ya ce bai ga abin da rataya ta hana ba.

Ya kamata a faɗi iyakar fim ɗin. Babu wanda ya ga abin da ya faru a ɗakin Beryl ranar 8 ga watan Nuwamba. Abin da aka nuna shi ne yadda Kennedy ya harhaɗa labarin daga shaidu. Akwai ma waɗanda suka ci gaba da ganin Evans da laifi, cikinsu har da John Eddowes, ɗan lauyan nan da ya fara kare shi, a wani littafi na 1994. Amma hukumar da ta rataye shi ta sauka daga matsayinta. A 2003 mai tantance diyya na ma'aikatar cikin gida, Lord Brennan, ya amince cewa an zalunci Evans kuma babu shaidar da ta haɗa shi da kisan matarsa, aka biya ƴan uwansa mata diyya. A 2004 babbar kotu ta yarda cewa bai kashe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Harshen takarda

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafi malaman harshe kai tsaye. Kennedy ya lura cewa a cikin takardun amsa laifin akwai kalmomi da salon jimla irin na ofis, waɗanda ba su yi kama da bakin direban da bai iya karatu ba. A shekara ta 1968 wani masanin kimiyyar harshe ɗan ƙasar Suwidin, Jan Svartvik, ya ɗauki bayanan nan huɗu ya auna ginin jimlolinsu, ya ƙidaya yadda ake haɗa sassan magana a kowane sakin layi. Ya gano cewa wuraren da ke ɗauke da amsa laifi sun bambanta da sauran, kamar ba murya ɗaya ce ke magana a takardar ba. Daga wannan ɗan littafi nasa ne aka sami sunan wani sabon fanni, wato nazarin harshe domin shari'a, wanda ake koyarwa a jami'o'i da dama. Nahawun da ɗalibai ke gani kamar wahalar banza ya zama mai shaida a shari'ar rai, sai dai ya iso bayan shekara 18.

Masu karatun Faransanci sun san irin wannan muhawara ta wata ƙofa. Victor Hugo ya shiga cikinta a 1829 da littafinsa «Le Dernier Jour d'un condamné». A 1976 aka fille kan Christian Ranucci a Marseille yana ɗan shekara 22, shi ma bayan ya amsa laifi ya janye; littafin Gilles Perrault na 1978 da fim ɗin Michel Drach na 1979, «Le Pull-over rouge», suka tayar da shakka a kan hukuncin, ko da yake kotunan Faransa ba su taɓa warware shi ba. A 1981 Robert Badinter ya kai dokar sokewa gaban majalisa, ta wuce. A Nijar kuwa, tun 1976 ba a sake zartar da hukuncin kisa ba, duk da cewa kotuna sun ci gaba da yanke shi.

Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan hukunci, shari'ar Evans ta bar tambayar da ta riga shi: ta yaya maganar baki ke zama takarda? Evans da ƴan sandan da suka yi masa tambayoyi harshe ɗaya suke ji, duk da haka abin da aka rubuta da sunansa ya fi ƙarfinsa, don ba ya iya dubawa ya ce nan ba haka na faɗa ba. Ina ga wanda aka tambaya da Hausa ko Zabarmanci, tafinta ya juya, aka rubuta da Faransanci, aka miƙo masa ya dangwala yatsa? Malamin da ke koya wa yaro ya karanta abin da zai sa wa hannu, da ƙungiyar da ke buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauye, suna aiki ne a daidai wurin da Evans ya faɗi.

A watan Nuwamba na 1965 aka tono gawarsa daga harabar gidan kaso, aka miƙa wa danginsa, suka binne shi a maƙabartar Katolika ta Leytonstone da ke gabashin Landan. Afuwar da aka yi masa ba ta goge hukuncin daga kundin kotu ba, kuma a 2004 alƙalai sun ga cewa ɗawainiyar sake buɗe shari'ar don a goge shi ta yi yawa. Titin Rillington Place ya ɓace, an yi sababbin gidaje a wurin. Takardun nan huɗu da ya sa wa hannu bai karanta ba suna nan a ajiye.